Yadda Aka Toshe Kwaɗi a Dajin Ramuka

A wani daji da ke gefen kogi, dabbobi sun gaji da Giwa. A da, kowane labari sai ya bi ta hancinta: ka faɗa mata, ita ta busa wa sauran. Da tafiya ta yi nisa sai ta fara zaɓen abin da za ta busa, ta ƙara wa wani gishiri, ta haɗiye wani, tsakanin kowane labari biyu kuma ta saka yabon haurenta.

Wata gafiya mai suna Yalwa ce ta kawo mafita. Shekara biyu tana haƙa, har ta haɗa unguwannin dajin duka ta ƙarƙashin ƙasa. Kowace unguwa da bakin raminta. Ka sunkuya ka yi magana, a ji ka har ƙarshen daji. Idan wata unguwa ta ishe ku, ku kwaɓa laka ku toshe hanyar da ta nufo ku. Doka ɗaya aka kafa: babu shugaba.

Ba wanda ya kai Jatau son wannan doka. Tunku ne, shi ke kula da ramin tsakiya, inda yawancin hanyoyi ke ratsawa. Kullum da safe sai ya tuna wa jama'a cewa babu shugaba, wanda kuwa bai amsa masa ba, raminsa yakan yi shiru kwana uku.

Da damina ta kankama, kwaɗin bakin kogi suka shiga rami suna ta maimaita magana ɗaya. Ba wanda ya tsaya ya ji me suke cewa. Jatau ya ce surutu ne, ya toshe su, ya kuma sanar cewa duk unguwar da ba ta toshe su ba tana goyon bayan surutu. Zomaye suka toshe kurege don ya yi jinkiri. Beguwa ta toshe zomaye don sun yi gaggawa. Hawainiya ta toshe kanta bisa kuskure, ta ce rabonta da jin daɗin hira haka tun tana ƙarama.

Yalwa ta ga ƙasan hanyoyinta ya fara jiƙa, ta roƙi a yi taro. Aka hallara gindin tsamiya da hantsi, aka zauna har azahar ba a fara ba, domin duk wanda ya buɗe taro ya nuna yana son shugabanci. Daga ƙarshe Jatau ya hau kututture ya ce, “Jama'a, ba buɗe taro na yi ba. Tari ne ya kama ni, kuka yi shiru. Tunda kun yi shiru, zan faɗi wanda zai yi magana da wanda ba zai yi ba, a matsayina na kowa.”

Ana haka sai ga Cindo, dattijon kwaɗi, ya iso a galabaice. Tun asuba yake tsalle. Ya tsaya a tsakiya ya ce, “Sallama dai. Kogi na cin gaɓa. Saura taku huɗu ya kai bakin raminmu, in ya shiga kuwa, a ɗakin kowa zai fito. Kwana tara muna faɗa.”

Kowa ya kalli sama. An toshe kwaɗi, saboda haka a ƙa'ida ba wanda ya ji shi.

Baba Nomau, wani tsohon damo da bai taɓa toshe kowa ba don laka na yi masa nauyi, ya ɗaga kai ya ce, “Malam Jatau, bawan Allahn nan cewa ya yi ruwa na zuwa.”

“Wane bawan Allah, Baba?”

“Wanda ke tsaye kan ƙafarka.”

Jatau ya janye ƙafarsa a hankali. Ya ce, “Baba, da girmanka. Sashe na uku na dokar da ba mu rubuta ba ya ce wanda ya maimaita maganar toshasshe shi ma toshasshe ne. Ni ban hukunta ka ba, ba ni da iko. Kai dai daga yanzu ba ma jin ka.”

Baba Nomau ya ce to, ya koma kusa da Cindo ya kwanta.

Yalwa ta miƙe. Faratanta duk sun karye, bayanta ya rankwafa. Ta ce, “Ni ba maganar kowa zan maimaita ba, tawa zan yi. Jiya na shiga hanyar kudu, ruwa ya kai min ƙirji. 'Ya'yana shida suna ɗakin da ya fi kowanne zurfi, don na bar muku na sama. Ni kaɗai ke gyara hanyoyin nan tun ranar farko. Ban taɓa neman komai ba. Yau ina neman hannu goma mu tare bakin kogi da duwatsu kafin la'asar.”

Sai Beguwa ta ce ta tausaya ƙwarai, amma idan goma suka bi Yalwa, ai Yalwa ta zama shugabar goma. Wani zomo ya ce a kafa kwamiti. Kurege ya ce kwamiti ma ƙaramar Giwa ce. Aka yanke a fara tattauna ko kwamiti ya halatta, aka ba kowa dama ya faɗi ra'ayinsa, har da tururuwa ɗaya bayan ɗaya.

Yalwa ba ta jira ba. Ta tafi ta kwaso 'ya'yanta da baki, sawu shida, ta kai su kan tudu. Cindo da Baba Nomau suka bi ta, tunda ba mai jin su balle ya hana su. Sun ɗora dutse na bakwai a gaɓa lokacin da ta rufta.

Ruwan ya bi hanyoyin Yalwa sarai, don ta iya haƙa. Duk lakar da aka toshe juna da ita ya tura ta waje, ya fito ta bakin kowane rami lokaci guda, da gyaɗar kurege da shimfiɗar zomaye. Tururuwa ta ɗari da sha biyu ce ke jawabi sa'ad da ya iso gindin tsamiya.

Ba a rasa rai ba, sai dai ba wanda ya fita da ƙwayar hatsi. Aka taru kan tudu a jiƙe, ana rawar ɗari. Yalwa ta zauna nesa tana lasar 'ya'yanta. Da aka tambaye ta yaushe za ta fara sabon haƙa, ta juya musu baya.

Jatau ya karkaɗe gashinsa ya hau dutse. Ya ce bincike ya nuna kogin ba ɗan kowace unguwa ba ne, ya shigo ba izini, ya kuma yi magana a dukan ramuka lokaci ɗaya, wanda shi ne surutu mafi muni. Ya kawo shawarar a toshe shi. Hannuwa suka tashi gaba ɗaya, karo na farko a tarihin dajin, har wasu suka yi hawaye.

Kogin dai bai ɗaukaka ƙara ba.