Malam Jumare Ya Haɗa Kan Ƙabilu

Duk wanda ya zauna Kontagora bayan yaƙin basasa bai san Malam Jumare ba, to zaman banza ya yi. Allah ya yi wa mutumin nan baiwar da bai yi wa kowa ba a faɗin Jihar Arewa Maso Yamma. Ya san kowace ƙabila ciki da bai, ba tare da ya taɓa wahalar da kansa wajen tambayar ɗan ƙabilar komai ba.

A Badun ya samo ilimin. Gwamnati ce ta tura shi kwas na mako uku, kan yadda za a koyar da yara masu harsuna da al'adu iri-iri a aji guda. Makon farko ya tafi a neman masauki, na uku a sayen tsaraba. Na tsakiyar ya wadatar, don mai basira ba ya buƙatar dogon karatu. Ya dawo da satifiket, da tabarau, da wani ɗan littafi mai shafi goma sha shida, wanda wani Bature ya rubuta bayan ya ratsa ƙasar Kontagora cikin mota a yini ɗaya.

A kwalejin horar da malamai inda yake aiki aka ba shi sabon darasi, ya raɗa masa suna Sanin Juna. Kullum da karin magana ɗaya yake buɗewa, wai tsintsiya maɗaurinki ɗaya, har ɗalibai suka koma kiransa Malam Tsintsiya. Ya ji sunan, ya ɗauka sarauta ce aka ba shi.

Ranar farko ya fara da raba ajin. Kambari nan, Dukawa can, Nufawa bakin taga, Hausawa gaba, Fulani kuma kusa da ƙofa saboda sun saba da iska. Ɗalibai arba'in da suka shekara biyu suna cin tuwo a kwano ɗaya, suna aron sabulun juna, ranar suka fara sanin ashe akwai tsakani. Wata ɗaliba, Laraba, ubanta Badukke uwarta Banufiya, ta tsaya a tsakiyar aji ta rasa inda za ta nufa. Malam ya duba ɗan littafinsa bai ga irinta ba. Ya ce ta zauna gefe tukuna, zai rubuta wa Badun.

Sannan ya gyara tabarau ya ce, "Ku buɗe kunnuwanku. Ni da kuke gani na zauna teburi ɗaya da Bayarabe. Na ci abinci da cokali mai yatsu kusa da Ibo, ba abin da ya same ni. Na gaisa da Bature hannu da hannu, har sau biyu. Saboda haka in na gaya muku ko ku su wane ne, ku rubuta."

Suka rubuta.

Cikin masu rubutun akwai Andarawus, Bakambare daga wani ƙauye a bayan Zugurma, na farko a garinsu da ya taka kwaleji. Mutanen ƙauyen da hannunsu suka gina aji biyu. Malaman da aka turo musu ba sa jin Kambarci, yaran kuma ba sa jin Hausa, sai su zauna kamar duwatsu, bayan wata ɗaya su koma gona. Gari kaf jiran Andarawus yake yi ya dawo da takarda.

Da jarrabawa ta zo, tambaya ta uku ta ce: Faɗi abincin Kambari. Andarawus ya yi murmushi, ya rubuta tuwon dawa da miyar kuka. Malam ya soke da jan biro. Littafi doya ya ce.

Andarawus ya bi shi ofis, ya rusuna ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Tun da aka haife ni dawa muke ci. A gidanmu doya sai ran Kirsimeti."

"Matsalarka ke nan," in ji Malam, cikin tausayawa. "Kana cikin abu, ta yaya za ka gan shi? Wanda ya rubuta littafin nan digiri biyu gare shi. Mahaifiyarka nawa gare ta? In dawa kuke ci, to gidanku ne ya kauce wa al'ada. In ka je hutu ka gyara musu."

Haka Andarawus ya faɗi darasin sanin Kambari. Dama ɗaya ta rage masa, koyarwar gwaji a gaban sufeto daga Sakkwato. In nan ma ya faɗi, ba satifiket, ajin ƙauyensu kuma ya ci gaba da zama ɗakin kwanan awaki.

Malam Jumare da kansa ya zaɓi a yi gwajin a ƙauyen su Andarawus, don sufeto ta ga ƙabila a mazauninta. Ya kuma kafa doka: Hausa ko Turanci, ban da yare, domin yare ne ke raba kan ƙasa.

Suka tafi cikin Landiroba, Malam a gaba. Sufeton mace ce, Misis Rebeka Yohanna, mai ƙarancin magana. Tun daga Kontagora har Zugurma Malam yake yi mata bayanin mutanen da suke wucewa a hanya. Sau ɗaya ta buɗe baki, ta ce direba ya rage gudu.

Andarawus ya tsaya gaban yara talatin, ya fara lissafi da Hausa kamar yadda aka umarce shi. Yara suka zuba masa ido. Ya maimaita. Wani yaro ya fara gyangyaɗi. Andarawus ya dubi Malam, wanda ke gyaɗa kai cike da gamsuwa. Ya dubi taga, ya ga mahaifinsa tsaye da fartanya a kafaɗa, ya baro gona don ya gani da idonsa. Sai ya ajiye alli, ya ɗauko zangarniyar dawa guda biyar daga cikin damin da ke jingine a bakin ƙofa, ya juya harshe zuwa Kambarci.

Ajin ya farka. Hannuwa suka tashi sama. Wata yarinya da ba a taɓa jin muryarta ba ta haɗa uku da biyu, ta kuma faɗi amsar da Hausa bayan ya koya mata. Malam ya rubuta a takardarsa, "Ya yi yare," ya ja layi biyu a ƙasa. Misis Rebeka ta karɓi takardar ta karanta, ta ninke ta huɗu ta sa a jaka. Ta ce Andarawus ya ci, kuma bana ba ta ba kowa makin da ta ba shi ba.

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Malam ya ce a tara masa iyayen yara a gindin ɗorawa, zai nuna wa sufeto yadda masani ke magana da ƙabila. Aka taru, maza da mata, wasu da ƙasar gona a ƙafa. Ya hau kan turmi da aka kifa masa, ya ɗaga murya kamar mai magana da kurame, yana nuni da hannu.

"Ni, malam! Ku, Kambari! Mu duka, tsintsiya!"

Ya sa Andarawus fassara. Daga nan ya shiga gaya musu abin da suke ci, da yadda suke aure, da yadda suke binne mamatansu, da abin da ke ba su dariya. Ya yi musu albishir cewa ba su da laifi don an haife su haka, gwamnati ta yarda da su. Sa'a guda cur yana yi. Mutane suka saurara cikin ladabi, ba wanda ya ko yi tari. Ya sauko daga turmin yana share gumi, ya dubi sufeto irin duban nan na kin dai gani.

Sai wani dattijo ya miƙe, Baba Tanimu, wanda ya shekara talatin yana kai dawa kasuwar Kontagora. Ya cire hula, ya yi magana da Hausa tangaram.

"Malam, mun gode da tattaki, Allah ya ba da lada. Yaron nan ma da ka hutar da shi, manya muna jin Hausa. Tambaya ɗaya gare mu. Mutanen nan da ka daɗe kana ba mu labarinsu sun ba mu sha'awa ƙwarai. A wace ƙasa suke? In ba nisa, bayan girbi ma so mu kai musu ziyara."