Kwamfutar Lefe

Lurwanu irin mutanen nan ne da Allah ya ba su tsayi, ya ba su hanci, ya kuma ba su gwanintar karya hula. In ya sha shadda ya fito, har masu babur rage gudu suke yi. Maganar karatu kuwa, mu da muka zauna aji ɗaya da shi a Zariya mun san ba a nan aka ajiye masa rabonsa ba. Shi ya sa ranar da aka ce an ba shi Rumasa'u, 'yar malamin jami'a mai karatun zanen gine-gine, muka yi ta taya shi murna muna kallon juna.

Da maganar lefe ta taso, Rumasa'u ta sauƙaƙa masa. Ta ce ta yafe sarƙar gwal, ta yafe tarin leshi, abu ɗaya take so a saka mata: kwamfutar tafi-da-gidanka wadda za ta iya ɗaukar zanenta na kammala makaranta, don tata ta tsufa, tana buɗe zane sai ta sume. Ta faɗa masa irin ƙwaƙwalwar da zai nema, da yawan giga, da komai. Lurwanu bai fahimci ko ɗaya ba, amma ya haddace su tsaf kamar karatun allo, ya kuma rantse mata ba zai kawo wata ba sai ita. Wannan ne alkawari na farko da ya taɓa yi mata, kuma tsoron saɓa shi yake yi ƙwarai.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a gidansu ango ba ya sayen lefe. Wannan aikin Gwaggo Tasalla ne, yayar babansa, wadda ta haɗa lefen duk wani namiji a zuriyar, kuma tana alfahari ba a taɓa buɗe akwatin da ta haɗa aka taɓe baki ba. A jakarta kuɗin suke. Da ƙyar ta yarda ya raka ta shagon kwamfuta, shi ma a matsayin mai riƙe kaya.

Suna shiga Lurwanu ya tsaya gaban mai shago ya zubo haddarsa ba ko numfashi. Mai shagon, Isuhu, ya jinjina kai ya ɗauko wata siririyar kwamfuta mai ruwan toka ya ajiye a kan tebur.

Gwaggo ta ɗaga ta da hannu ɗaya, ta juya, ta leƙa ƙasanta.

"Ina sauran?"

"Ita ke nan, Hajiya," in ji Isuhu.

"Wannan farantin? Wannan zan kai gidan mutane, dangin uwa da na uba sun zagaye tabarma, in ce ga abin da ya maye gwal? Ai sai a ce mun zo da murfin kwano."

"Gwaggo, ita ta ce tana so," in ji Lurwanu a hankali.

"Ita za a aura, amma ba ita za ta ga lefe ba. Gwaggonninta ne za su gani, kuma na san su. Akwai wata Asabe a cikinsu, idonta awo ne."

Ta ajiye farantin ta fara zagaya shago da kanta. Can a lungu ta hango wata tsohuwar kwamfutar tebur, irin wadda ofisoshi suka gaji da ita suka sayar: akwati baƙi kamar ƙaramin firji, da allo mai ƙaton ƙeya. Fuskar Gwaggo ta washe. Ta gwada ɗagawa ta kasa, sai ta ƙara sonta.

"Yawwa. Ga kaya. Wannan sai ƙarti biyu sun shigar da ita, kowa a layin ya gani."

Isuhu mutum ne mai tsoron Allah daidai gwargwado. Ya ce, "Gaskiya Hajiya, wannan ba ta da sauri. In an kunna ta, sai an ɗan jira."

"Amarya ce za ta yi aiki da ita. Saurin me take yi?"

"Kuma ba ta da batir. In aka ɗauke wuta, shi ke nan."

"Sai ta tashi ta ɗora girki."

Daga nan Isuhu ya ga ba shi aka aiko ya gyara duniya ba, kuma kwamfutar nan ta daɗe tana cin masa wuri. Ya koma bayan Gwaggo. Ta nuna lasifika manya guda biyu, ya sauko da su. Ta nuna allon rubutu mai fitilu ja da kore, ta ce zai shiga da akwatunan. Ta ga firinta ta tambayi aikinta, aka ce takarda take fitarwa, ta ce a saka, ai ta ƙara yawan kwali. Da aka miƙo mata linzamin kwamfuta guda ɗaya, ta dubi Isuhu kamar ya zage ta.

"Ɗaya? A lefe? Ko takalmi ba a kai shi ɗaya. Ƙaro."

Lurwanu yana tsaye gumi na bin shaddarsa. Kaya sai taruwa suke a tsakar shago, ita kuwa siririyar da ya rantse a kanta an ture ta gefe, har an ɗora mata ledar goron Gwaggo. Ya hango fuskar Rumasa'u ranar da za a shigar mata da wannan firjin. Tun yana yaro bai taɓa musu da Gwaggo Tasalla ba, amma yau ya ga in bai yi magana ba, aurensa zai fara da ba da haƙuri.

Ya gyara hula, ya gyara murya.

"Gwaggo, don Allah ki saurare ni. Gidan nan da za mu kai kayan ba irin gidajen da kika saba ba ne. 'Yan boko ne, babanta littattafai yake rubutawa. Su girman abu da ƙyalƙyalinsa ba ya ruɗarsu. Abin da ke ciki suke dubawa."

Gwaggo ta dube shi tun daga takalmi, ta bi shaddar a hankali har ta kai kan hular, ta ɗan tsaya a nan. Sannan ta juya ta fara zuge jakarta.

"Da abin da ke ciki suke dubawa, ɗan nan, da ba mu kai ga sayen lefe ba."