Buhun Shinkafa Ya Yi Ajalin Gyare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu da suka kumbura don tafiyar ƙasa, ni Nassirou na Germantown nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kekena, Gyare, ranar Talata bayan la'asar.

Marigayin ya ga duniya. Shekara tara ya yi yana tsere ɗauke da maƙwabcina Raymond, mutumin ƙasar Ireland, wanda tseren keke ne sana'arsa kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya hau duwatsun Faransa, ya sha ruwan saman Beljiyam, ya faɗi sau uku ya tashi. Bai taɓa zuwa na ɗaya ba, don aikin maigidansa shi ne tare wa gwanin ƙungiyarsu iska da kai masa gorar ruwa. Da yatsa biyu ake ɗaga shi. In ka daina taka feda sai ya kama kuka, tsirrrr, asalin sunansa ke nan.

Kyauta Raymond ya ba ni shi, da sharaɗi ɗaya: kowace safiya in wuce ƙarƙashin tagarsa ya ji wannan kukan.

Cutar ajalin kuwa ni na jawo ta. Mu a Maradi, keken da ba shi da kariyar ɗaukar kaya ai bai cika keke ba. Na ɗaura masa, na matse iya ƙarfina. Matata Balkissa ta ce, "Malam, wannan ɗan siririn?" Na ce haba, wanda ya hau duwatsun Faransa, buhun shinkafa da jarkar mai ne za su gagare shi? Ashe jikinsa ba ƙarfe ba ne. Muna gangarowa da kayan ya ce ƙas! Mai gyara ya duba, ya ce irin wannan ba ya karɓar walda.

Ya rasu ya bar tayar baya lafiya lau, da hular kwano, da matsattsen wandon da Balkissa ta hana ni fita da shi. Ya kuma bar Raymond, wanda yau kwana uku yake buɗe taga, ni kuwa ina zagayawa ta bayan gida. Wallahi kunya ta ishe ni.

Za a kai gawar wurin zubar da tarkace ranar Asabar da ƙarfe goma. Masu ta'aziyya za su ci shinkafar, don ita ko ƙwarzane ba ta yi ba. Tayar baya kuwa, inda kukan yake fitowa, ni da kaina zan ɗauka, in ƙwanƙwasa ƙofar Raymond, in faɗa masa gaskiya, sannan in juya masa ita, Gyare ya yi masa sallama da bakinsa.