Malamin da Akuya Ta Sayar

A duk ƙasar Gobir ba a yi gwanin Turanci irina ba. Shekarar da aka yi fari na gayyaci shugaban kwalejinmu ya ga yadda za ni koya wa ɗalibai kurame juyayyar jimla, wadda mai aikatawa ke zuwa a ƙarshe, a darasi guda. Hankalina na kan akuyar da na kasa ciyarwa, sai na rubuta: "The goat was sold by Malam." Na manta su jerin kalmomi suke bi, wanda ya zo farko shi ya aikata.

Wata ɗaliba 'yar garin Gangara ta tambaya da maganar hannu: "Malam, cikin farin nan wa ya saye ka?"

Shugaba ya fita yana tari. Har yau sunana a maganar hannu ƙaho biyu ne. Akuyar kuwa ba ta sayu ba.