Rasuwar Kaskon Ɗumin 'Yan Tsakina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ban ɓoye wa kowa ba, ni Nabawiyya, matar marigayi Usta Garib mai gyaran rediyo, ina sanar da dangi da maƙwabta a ƙauyenmu na Fayum rasuwar kaskon ɗumina, wanda ya bar mu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar watan Tuba, watan da ya fi sanyi a nan Masar, yana da shekara ashirin da uku.

Mijina ne ya haɗa shi da hannunsa: kaskon yumɓu, da murɗaɗɗiyar waya a ciki, da igiya mai sauka daga soro zuwa soket. Tun daga ranar, duk ɗan tsakin da na raina na kai kasuwa a gefensa ya yi gashi. Marigayi kaskon nan ba shi da surutu. Iyakarsa “zzzz” idan ya yi ja, sai “tas” idan ruwa ya ɗiga masa. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da fushi. Sau biyu wutarsa ta ja ni har na zauna a ƙasa, shi ya sa nake zuwa masa da silifas na roba.

Bai yi jinya ba. Gwamnati ce ta sa hannu a sabuwar dokar kayan lantarki, aka turo mana wani matashi da takarda da filaya. Ya duƙa ya duba, ya ce babu fis, babu wayar da ke kai wuta ƙasa, kuma a kan tabarmar kara aka ɗora shi. Duk gaskiya ya faɗa. Na roƙe shi ya bari sanyi ya wuce.

“Hajja, ranki muke karewa,” in ji shi.

“To ɗana, waɗannan fa? Da ɗumin dokar za su kwana?”

Ya ce akwai kasko mai hatimin gwamnati a birni, in je in saya. Ko tambayar da me bai yi ba. Ya datse igiyar, ya murɗe wayar ya jefa a jaka, ya fita ta ƙarƙashin falwayarsu mai tsirarar waya ba tare da ya ɗaga kai ba.

Marigayin ya bar ni, da 'yan tsaki ɗari da arba'in 'yan kwana biyar. Jiya na kwashe gawar talatin da ɗaya. Na gwada garwashi, hayaƙi ya kashe wasu tara.

Za a binne shi Alhamis bayan la'asar a bakin magudanar ruwa, bayan gida. An haƙa ramin da faɗi, don ba shi kaɗai zai shiga ba. Masu zuwa gaisuwa kada su kawo shayi ko sukari. Kowace mace ta zo da riga mai yalwa, ta zuba 'yan tsaki biyar a ƙirjinta ta tafi da su gida. Ba sai an dawo mini da su ba.