Motar da Ba Ta Tashi Sai an Tura

"...lahiya lau, sai dai ban gane mai gaisuwar ba. Ɗiyar wa ce wagga? Cikin masu rigakahi kike, ko masu tallar layin waya?"

"Kaka, ni ce fa, Iklima."

"Iklima? Ina da wata mata mai wanga suna, amma wata bakwai rabona da ita. Liman ya ce auren ya mutu da kainai."

Alhaji Maharazu yana zaune ne a tabarma a ƙofar gidansa da ke Illela, ya jingina da tayar wata tsohuwar akori-kura mai shan gas, wadda ya saya ta hannu, ya kuma shekara talatin da wani abu yana jigilar albasa da ita zuwa Ƙonni da Tawa. Tun rasuwar matarsa Hajiya Fati bara, shi kaɗai ne a gidan, abinci ma daga maƙwabta ake miƙo masa. Iklima jikarsa ce, 'yar babban ɗansa Bashar da ke zaune a Kaduna. Tana aiki a wani kamfanin sayar da motoci a Sakkwato, kuma ubanta ne ya aiko ta da wannan safiya. Kamfanin ya fito da tayi, ka kawo tsohuwar motarka a yi maka rangwame a sabuwa. Bashar ya riga ya zaɓi motar. Sa hannun tsohon kaɗai ya rage, gobe a turo babbar mota ta ɗauke akori-kurar.

"Auren ya mutu? To alhamdu lillahi," in ji Iklima tana cire takalmi. "Dama takardata na zo karɓa. Wa zai zauna da miji mai haƙori huɗu?"

"Biyat."

"Buɗe in gani."

"Ba ni buɗewa, kada ki ƙyasa. Ke dibi yadda kir rame. Can birni iska suke ba ku da cokali?"

"Gyaran jiki ake kiransa."

"Mu nan yunwa muke kiranta. Zamna kada iska ta kai ki Nijar ba takarda."

Ta zauna a gefen tabarmar, ta fito da waya da wata takarda mai layi-layi.

"Saƙon Abba na kawo."

"Uban naki ya iya aike. Shi ƙahwahunai sun ƙare?"

"Aiki ya yi masa yawa. Duba nan. Samfurin bana ce, watan jiya ta shigo. Fara, ƙofa huɗu, bayanta ya fi na wannan gwangwanin faɗi."

"Wane gwangwani?"

"Wanda ka jingina da shi."

"Ki iya bakinki, tana ji. Miƙo in gani." Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa, ya runtse ido ɗaya. "Mi ya sami hancinta? Kamar an mare ta tana ƙarama."

"Haka ake yayi yanzu. Akwai na'urar sanyi, akwai kyamara a baya, in za ka yi ribas sai ka kalli allo."

"Wuyana mi yas same shi?"

"Wuyan da in ka juya shi sai an ji ƙara a Amarawa? Kuma injinta na gas ne kamar yadda kake so, amma in tana aiki ko kana kusa da ita ba za ka ji ba. Hayaƙi kuwa babu shi sam."

"Mota ba kuka, ba hayaƙi. To ta yaya mutane za su san na wuce?"

"Ai shi ne ci-gaban."

"Ɓarawo shi ma hakanan shike shigowa. Ina hayaƙin shike tahiya? Haɗiyewa take?"

"Akwai wani tanki na daban, ana zuba masa wani ruwa. Shi ke wanke hayaƙin kafin ya fita."

"Ruwan mi?"

Iklima ta san inda za a je. "Da sinadarin uriya ake haɗa shi."

"Uriya? Takin da muke zuba ma gero?"

"Ba irin na buhu ba, Kaka, wannan tacacce ne."

"Allahu akbar! Na rayu na ga motar da ake ba taki. In ta ƙoshi, zangarniya take hiddawa? Ku kai ta Kalmalo ku dasa bakin tabki, kaka ta yi mu girbe ƙanana."

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Gazuwal na jarka, gas ɗin nan da yaran bakin iyaka ke saidawa, tana sha?"

"Ko kusa! Sai mai tsabta na gidan mai. In ka ba ta gurɓatacce, kwamfutarta ta kunna ja, ta rage gudu, sai an kai ta an duba."

"Ashe irinki ce. Ba a ba ku tuwon jiya." Ya bubbuga tayar da tafin hannu. "Wagga da kike gani, bayan Tawa mai ya taɓa yanke mani cikin daji. Kalanzir niz zuba mata. Da shi ma yaƙ ƙare, sai man gyaɗan kakarki. Tahiya take tana ƙamshin ƙosai, Buzaye na bin mu da kwano."

"Ƙarya dai ba ta tsufa."

"Tambayi 'yan duwan, kwastan na Ƙonni. Tun tana Illela suke jin muryarta su ɗage sanda. Injin wagga ba ruwanshi da lantarki, ba ruwanshi da kwamhuta. Ki ba shi mai, ki ba shi iska, ki bar shi da Allah."

"Kaka, motar nan ta girmi Abba."

"Ta hi shi biyayya kuma. Kullum nib buɗe ƙohwa nan nike ishe ta."

Iklima ta yi kamar ba ta ji ba, ta ja hoton gaba da yatsa.

"Garanti shekara uku, juyen mai kyauta shekara guda, kuma tayin ƙarshen watan nan zai rufe. Ga babban abin ma: ba makulli. Maɓalli za ka danna ta tashi. Giya da kanta take canzawa. Ka huta da turi."

"Wa yac ce na gaji?"

"Abba ne ya gaji. Duk wanda ya je Kaduna daga garin nan sai ya kai masa labari, wai kullum da hantsi ana ganin dattawa da furfura suna tura mahaifinsa a kan titi. Kunya yake ji."

"In batir ɗinta ya mutu hwa? Ba a tura ta?"

"Irin wannan ko duk Illela ta taru ba ta tashi da turi. Waya za ka buga, a turo makanike."

"Makanike guda."

"Guda ya isa."

Tsohon ya miƙa mata wayar. Ya shiga tsintar ƙasa daga saƙar tabarma yana yarwa. Iklima ta ɗauka ta ci wasan. Ta miƙe tana karkaɗe abaya.

"To, ango, tashi ka buɗe mini gabanta. Sai na rubuta halin da injin yake ciki kafin ka sa hannu."

"Akwai maciji ciki."

"Mu gaisa."

"Da aljani. Shekara goma shina haya nan."

"Zan ba shi notis."

Ta san inda ake ja, tun tana ƙarama take wasa a cikin motar. Ta ɗaga murfin ta tokare shi da sanda. Injin baƙi ne wuluk, amma ba ɗigon mai ko ɗaya a ƙasa. A gefe ga batir sabo fil, ledar kamfani ma ba a gama ɓare ta ba.

"Kaka, wannan ba batir ɗin da Abba ya aiko da ƙaramar salla ba ne?"

"Kama ce."

"Wa ya cire masa kai?"

"Ɓera."

"Ɓera ne ya kwance noti, ya naɗe wayar da farin ƙyalle, ya ɗaure da zare?"

"Ɓerayen Illela na da tarbiyya."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta zaro sifana mai lamba goma daga jakarta, ta warware ƙyallen, ta mayar da wayar ta ɗaure.

"Iklima, bar shi."

"Tsoro kake ji asiri ya tonu? Shekara guda kana wahalar da bayin Allah a kan noti ɗaya."

"Na ce ki bari."

Amma ta riga ta shige ta zauna. Ta murɗa makulli. Bugu ɗaya injin ya kama, gidan gaba ɗaya ya ɗauki rugugi, baƙin hayaƙi ya turnuƙe tabarmar. Ta leƙo ta taga tana tafi.

"Ka ji? Lafiyarta ƙalau! Mai ita ne ke buƙatar makanike!"

Tsohon ba ita yake kallo ba. Can bakin lungu wasu dattawa biyu ne ke tahowa: Jaɓɓo, Bafulatanin da ke dillancin shanu a kara, da Dabo mai awon hatsi. Dabo har ya naɗe hannun babbar rigarsa ya ɗora a kafaɗa. Da suka ji ƙarar sai suka tsaya. Jaɓɓo ya ɗaga sandarsa sama.

"Yau ta tashi da kanta! Madalla, Alhaji! Sai gobe ke nan!"

Dabo ya sauke hannun rigarsa. Suka juya, kowa ya nufi hanyar kasuwarsa.

Alhaji Maharazu ya ɗaga musu hannu, ya bar shi a sama har suka sha kwana. Iklima ta sauko a hankali. Sai a lokacin ta lura da abin da ke bayan tayar, inda inuwa take: ɗan murhu da gawayi ya riga ya kama, da butar shayi, da ƙananan kofuna uku a wanke an kife su a faranti.

Ta koma ta ja wayar kashe injin. Unguwar ta yi tsit.

"Kullum suke zuwa?"

"Kullum da hantsi." Muryarsa ta yi ƙasa. "In sunka tura tat tashi, mu zagaya har hanyar Kalmalo mu dawo. Sun gaji, dole su zamna su sha shayi. Wani lokaci har azahar."

"To me ya hana ka ce su zo shan shayin kawai?"

"Na ce. Bayan arba'in ɗin kakarki na ce. Kowa yac ce in sha Allahu. Ba laihinsu ba ne, mutum na da kara, shina da kasuwa, shina da iyali. Shayi ana iya ɗaga shi sai gobe. Amma a ce motar tsoho ta ƙi tashi, shina tsaye cikin rana, wa ke iya wucewa?" Ya kife kofi ɗaya da ya karkace. "Gidan ga ɗaki tara. In na yi tari daga zaure, ina jin shi shina zagaye ɗakunan shi dawo mani."

Iklima ta dubi takardar da ke hannunta, ta dubi layin sa hannu. Ta ninke ta biyu, ta sake ninkewa, ta tura cikin jaka. Ta sunkuya cikin injin, sifana ta yi ƙara sau uku. Ta cire wayar batir ɗin ta naɗe da ƙyallen, ta sauke murfin. Sannan ta ruga har bakin lungu, mayafi na zamewa, ta buɗe murya yadda ba ta taɓa yi a wurin aiki ba.

"Baffa Jaɓɓo! Baba Dabo! Ku dawo don Allah, ta mutu!"

Da ta dawo tana haki, ta jefa masa sifanar a kan cinya.

"Riƙe. Ka daina cirewa da filaya, duk ka cinye kan notin."

Ya ɗauka ya juya ta. "Ta kamfani ce?"

"Tawa ce. Na ba ka."

"Babbar motar gobe hwa?"

"Zan buga in ce kada ta zo. Mai mota bai sa hannu ba."

"Uban naki?"

"In yana jin kunyar a ga ana tura ka, ya zo ya kama turin da kansa. Hanyar Kaduna ba a rufe take ba."

"Ke ma ta Sakkwato ba a..."

"Na ji, na ji! Kada ka cika ni da surutu, tsoho."

Dattawan suka iso, Dabo yana sake naɗe hannun riga.

"Alhaji, ba yanzu munka ji kukanta ba?" in ji Jaɓɓo.

"Wagga ɗiyar birni tat taɓa ta. Wai ma'aikaciyar motoci ce. Hannun nan nata ko ruwan randa ta taɓa sai ya yi tsami."

Iklima ta buɗe baki za ta rama. Ta dubi dattawan, ta dubi kakanta da ke tura sifana cikin aljihu yana kallon sama. Sai dariya ta ƙwace mata.

"Ni ce, Baffa. Ban iya ba. Laifina ne."

"Kun ji ko? Ku zama shaida, yau ta amsa!"

Ya shige ya zauna a bayan sitiyari da saurin da bai dace da shekarunsa ba. Ya sa giya ta biyu, ya taka kuloci. Jaɓɓo ya jefa sandarsa a bayan motar, Dabo ya yi bisimilla, Iklima ta tattare abaya ta shiga tsakiyarsu. Akori-kurar ta motsa, ta wuce ƙofar maƙwabta, ta wuce masallacin unguwa, ta hau titi. Wani mai faci ya bar tayar da yake yi ya kama gefe. Wani mai rake ma ya zo ya sa kafaɗa.

"Kaka, ta yi gudu! Saki kuloci!"

Ta madubin gefe take hango fuskarsa. Yana kallon su ɗaya bayan ɗaya, bakinsa a buɗe, ƙafarsa na nan daram inda take.

"Ba ta yi zahi ba tukuna," in ji shi. "Ku ƙara kaɗan."