Agogo Sarkin Aiki da Wasa na Ɗari Huɗu da Sha Uku

Ka taɓa ganin mutumin da ya ɗauki ƙungiyar ƙwallon kwando sukutum ya aza a kafaɗarsa, alhali bai taɓa jefa ƙwallo a kwando ba? In ba ka taɓa ba, to ba ka zo garinmu Marlow da ke kudancin Indiana ba, kuma ba ka san Mista Vernon Huffaker ba. Kaico, an bar ka a baya.

Mista Vernon tsohon dillalin tayoyin mota ne. Shi ne shugaban Ƙungiyar Magoya Bayan Kuregun Kwalejin Marlow, shi ne sakatarenta, shi ne kuma ya rubuta kundin dokokinta. 'Yan wasa biyar ake sakawa a fili, shi ya sa ya raɗa wa kansa Ɗan Wasa na Shida. Mutanen gari kuwa Agogo Sarkin Aiki suke ce masa, saboda agogon aljihu na mahaifinsa da yake zarowa sau goma sha ɗaya a kowace hira. An ƙirga.

Wasa ɗari huɗu da goma sha biyu ya halarta a jere, gida da waje, ƙanƙara ko rana. A cikinsu Kuregu sun ci ɗari da saba'in da ɗaya, an lallasa su a ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Ya sha bayyana wa jama'a yadda abin yake: nasarorin albarkacin zuwansa ne, kayen kuwa laifin koci ne da ba ya jin shawara daga layi na uku, inda Mista Vernon ke zama. Akwai kuma rigar sanyinsa ta sa'a, ruwan goro, wadda rabonta da ruwa shekara shida. Kujeru biyu na damansa da biyu na hagunsa kullum babu kowa. Ya ce kwarjini ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ba a nan baiwarsa ta tsaya ba. Ya wallafa ɗan littafi, Shawarwari Arba'in da Ɗaya ga Matafiyin Lokacin Gasa, kuma tsakani da Allah akwai abin ɗauka a ciki. Ta uku: watan Maris ba shi da amana, ka sa riga uku, ka cire ɗaya-ɗaya. Ta tara: cika tanki tun jiya. Ta goma sha huɗu: safa ƙafa biyu a aljihu. Ta ashirin: kada ka kwana a otal ɗin garin gasa, gadonka ya fi sanin bayanka. Ta ashirin da bakwai: babu rediyo, babu waya a mota, duk a zuba su a gwangwanin biskit a rufe. Ta ƙarshe, wadda ya ja wa layi biyu: idan jagora yana lissafi, fasinja ya yi shiru.

Sai kuma Doka ta Ɗaya ta ƙungiya, wadda ita ce rawaninsa. Wasa ba ya shiga lissafinka sai kana zaune a kujerarka kafin alƙali ya cilla ƙwallon farko sama. Da wannan doka ya gama da Malama Opal Renner, tsohuwar malamar makaranta, shekara tara da suka wuce. Tana da wasa ɗari uku da tamanin da tara a jere, ta makara da minti huɗu saboda jana'izar ƙanwarta.

"Ina taya ki baƙin ciki, Opal," in ji shi a ranar, agogo a tafin hannu. "Amma doka ba ta zuwa jana'iza. Kin koma sifili."

Opal ta tafi kanti. Ta sayi sabon littafin ƙirga wasanni, ta fara daga ɗaya.

Bana abin da ba a saba gani ba ya faru. Kuregu suka kai wasan ƙarshe na gasar yanki a Indianapolis, ranar Lahadi da ƙarfe biyu na rana. Rabon kwalejin da kofi shekara ashirin da bakwai. Amma wannan ƙaramin al'amari ne. Babban shi ne, wani marigayi mai gidan burodi ya bar tarihin wasa ɗari huɗu da sha biyu a jere, Mista Vernon ya kamo shi, kuma wasan Lahadi ne zai ɗora shi sama da kowa. Har ya sa an buga masa ɗan allon tagulla mai ɗauke da sunansa da lamba 413, don a liƙa a kujerarsa. Kwaleji ba ta nema ba. Shi ya hutar da ita.

Juma'a da Asabar ya yi wannan tafiya, mil ɗari da saba'in zuwa, ɗari da saba'in dawowa, bai kuskure da minti ɗaya ba. To Lahadi me za ta zo da shi?

Da safe ya shigo kicin ya tarar agogon bango ya wuce na aljihunsa da awa guda cif. Ya girgiza kai irin na wanda ya gaji da gyara duniya, ya hau kujera ya mayar da shi baya.

"Vernon, ni na tura shi," in ji matarsa Darlene, tana naɗe burodi da naman talotalo. "Ai yau ne..."

"Darlene, shekara arba'in da ɗaya muna tare, sau nawa agogon babana ya yi ƙarya?"

"Ba ƙarya na ce ya yi ba, tsoho. Cewa nake..."

"Ina lissafi."

Darlene ta dube shi, ta dubi agogon, ta ci gaba da naɗe burodi. Guda shida, biyu-biyu.

Mutum na uku a motar, bayan shi da Darlene, shi ne maƙwabcinsu Otis Bledsoe, tsohon wanzami, wanda ke bin su saboda burodin Darlene, yake kuma kiran Mista Vernon da Janar. Aka zuba wayoyi a gwangwani. Ƙarfe tara da minti goma na agogon aljihu mota ta tashi.

Da suka kai inda agogon yankinmu ke ƙarewa na Indianapolis ya fara, Mista Vernon ya rage gudu don ya yi jawabi, kamar yadda ya yi jiya da shekaranjiya.

"Jama'a, a nan ake bambance matafiyi da ɗan rakiya. Daga wannan gada, agogonsu ya riga namu da awa ɗaya. Mutum nawa suka yi asarar wasa a kan wannan awa? Ni na san goma sha bakwai, da sunayensu. Kai kanka, Otis, kana ciki."

"Sau ɗaya ne, Janar, kuma matata ce ke naƙuda."

"Uzuri ba ya cin maki."

Otis ya gyara zama. "Amma Janar, da safe na ga kamar wayata..."

"Wayarka tana gwangwani, inda ya dace da ita."

Darlene ta miƙa wa Otis burodi ɗaya kafin lokacinsa. Ya gane, ya cika bakinsa.

Abin da jagora bai saka a lissafi ba ɗan ƙarami ne. Ranar ita ce Lahadi ta biyu ta watan Maris, ranar da kusan ƙasar gaba ɗaya ke tura agogo gaba da awa guda saboda bazara. Wayoyi sun tura kansu. Coci ta tura. Kajin gari ma sun ji a jikinsu. Agogon marigayi babansa ne kaɗai ba wanda ya isa ya gaya masa.

Suka isa wurin ajiye motoci, a lissafinsa saura minti arba'in. Motoci maƙil har bakin titi, amma ba mahaluki ko ɗaya. Ba mai ganga, ba mai tuta, ba mai sayar da gugguru.

"Kun gani?" Ya nuna da haɓa. "'Yan koyo. Sun shige tun da wuri, za su ƙarar da muryarsu kafin a fara. Shawara ta talatin da biyu: minti ashirin da biyar na cin abinci a mota, a tauna a natse."

Suka tauna a natse. Daga cikin zauren wata irin sowa ta tashi har gilashin mota ya yi rawa.

"Gwajin lasifika ne," in ji shi.

Ya shiga zaure ƙirji gaba, allon tagulla a hammata, yana ɗaga hannu ga jama'ar da ba ta kallonsa. Sai idonsa ya faɗa kan allon maki. Kuregu arba'in da huɗu, abokan karawa ashirin da biyar. An tafi hutun rabin lokaci.

Ya zaro agogo. Ya kai kunne. Ya girgiza shi.

A layi na uku Malama Opal na zaune da littafinta a cinya. A motar ɗalibai ta zo. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Vernon, sannu da zuwa. Wa ya rasu?"

"An fara wasa kafin lokaci! Zan rubuta wa hukumar gasa!"

"Rubuta. Minti hamsin da ɗaya ka makara, na duba maka." Ta buɗe jaka ta zaro sabon littafi, fil a ledarsa. "Ga shi. Shekara tara ina yawo da shi saboda kai. Daga ɗaya ake farawa, ba wuya."

Ramin mugunta, an ce a gina shi gajere. Nasa ya yi masa daidai, har da wurin ajiye agogo.

Da wani ne, da ya zauna shiru. Amma Ɗan Wasa na Shida ya san yaran na buƙatarsa. Aka dawo daga hutu ya miƙe, rigar sa'a na tashi.

"Koci! Fitar da mai lamba takwas! Ku matsa hagu! Hagu na ce!"

Cikin minti goma sha ɗaya ratar maki goma sha tara ta koma uku. Kofin shayi huɗun da ya sha a hanya suka kira shi bayan gida. Minti huɗu ya yi. Kafin ya dawo rata ta koma goma. Ya zauna, ya gyara murya, ta sauko zuwa biyu.

Mutanen Marlow ba su iya tura agogo kawai ba, sun iya lissafi ma. Kai ya fara juyowa ɗaya bayan ɗaya.

"Janar," in ji Otis a hankali, "anya ka kulle motar nan kuwa?"

"Na kulle."

"Je ka sake dubawa, don girman Allah. Shekara ashirin da bakwai fa."

Sai ɗalibai suka ɗauka da tafi: "Duba mota! Duba mota!" Layi na uku ya karɓa, na huɗu ya karɓa. Darlene ba ta tafa ba, mace ce mai kunya. Makullin kawai ta miƙa masa.

Ya fita da ƙasaita, kamar shi ya yanke shawarar. Kuregu suka ci da ratar goma sha biyu. Mista Vernon ya ji sowar daga kujerar direba, shi da gwangwanin wayoyi, waɗanda duk cikinsu ba wadda ta makara.

Ƙungiya ba ta yi butulci ba. A taron da ya biyo baya, ƙarƙashin sabuwar shugaba Malama Opal, aka amince baki ɗaya cewa gudummawarsa ce ta kawo kofi. Aka karɓi allon tagullar aka liƙa shi da ƙusa huɗu, a jikin ginshiƙi na bakwai na wurin ajiye motocin kwaleji. Wurin nasa ne shi kaɗai, kowane wasa, daga farko har ƙarshe. Yana kuma zuwa. Ya ce koci ne da kansa ya roƙe shi ya tsare bayan fili.

Littafin nasa yana nan, kuma na rantse shawara arba'in daga ciki suna aiki: riga uku, tanki cike, safa a aljihu. Maris mai zuwa ka ɗauka ka jarraba. Sai dai in matarka ta buɗe baki da safe ta ce "ai yau ne", don Allah ka bari ta kai aya. Daƙiƙa huɗu ce kacal. An ƙirga.